Sonata ta 2011 da injin Theta II: inda motar Koriya ta kamo ta Japan, da inda ta yi tuntuɓe

Duk wanda ke son sanin ko motocin Koriya ta Kudu sun kai a jera su da Toyota da Honda, to ya dubi abin da ya faru da Hyundai Sonata ƙirar 2011 zuwa 2014 a kasuwar Amurka. A jikin motar nan guda ɗaya akwai hujjar masu yabo, akwai kuma hujjar masu kushe, kuma kowane ɓangare yana da gaskiya a hannunsa. Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin Sonata, Optima da Santa Fe da ake sauke wa a tashoshin ruwa na Legas da Kwatano daga wannan kasuwa suka fito, da injinan Theta II da za a yi magana a kansu.

Hyundai ta shiga Amurka a 1986 da ƙaramar mota Excel a kan dala 4,995, ta sayar da sama da 168,000 a shekarar farko. Araha ce ta jawo jama'a, rashin ƙarko kuma ya kore su. Kafin 1998 cinikin kamfanin a ƙasar ya faɗo zuwa wajen motoci 90,000 a shekara. A shekarar ce Hyundai ta sayi Kia, wadda rikicin kuɗi na Asiya na 1997 ya durƙusar. Da Chung Mong-koo ya karɓi ragamar kamfanin a 1999, sai aka mayar da inganci babban abin da ake auna manajoji da shi, aka kuma fito da garanti na shekara 10 ko mil 100,000, wato kusan kilomita 160,000, a kan inji da giya. A lokacin manyan kamfanonin Japan ba sa ba da irin wannan alkawari. Kuma ba cika baki ba ne kawai. A binciken J.D. Power na 2004, wanda ke ƙirga koke-koken masu sababbin motoci, Hyundai ta yi kunnen doki da Honda, Toyota kaɗai ke gabansu da ɗan ƙiris. A 2016 Kia ta zo ta ɗaya a wannan bincike, karon farko cikin shekara 27 da kamfanin da ba na motocin alfarma ba ya hau wurin.

Sai dai a riƙe abu biyu tun daga nan. Wancan bincike kwana 90 na farko yake dubawa, ba ya cewa komai game da injin da ya ci kilomita 150,000. Garantin shekara 10 kuwa na wanda ya fara sayen motar ne. Idan ta canza hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000.

Abin da motar ta zo da shi

Sonata ta 2011 ta fito daga masana'antar Hyundai da ke Montgomery a jihar Alabama, wadda aka buɗe a 2005. Kamfanin ya yi ƙarfin hali, ya jefar da injin silinda shida baki ɗaya, ya tsaya a kan silinda huɗu: mai lita 2.4 da ke ba da ƙarfin doki 198, da mai lita 2.0 da turbo da ke ba da 274. Camry mai silinda huɗu ta wannan shekarar doki 169 take da shi. A gwajin hukuma Sonata tana yin mil 35 da galan ɗaya a babbar hanya, kusan kilomita 15 da lita ɗaya, alhali Camry mai giyar otomatik tana yin 32. Farashin farko bai kai dala 20,000 ba. Ta samu taurari biyar a gwajin karo na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, a shekarar da aka tsaurara gwajin. Giyarta mai hawa shida Hyundai ce ta ƙera abinta, kuma ta yi ƙarko, ba a cika jin kukan ta ba. An sayar da fiye da 225,000 a 2011 kaɗai. Mutumin da ya zaɓe ta a kan Camry a wancan lokaci ba wauta ya yi ba, lissafinsa daidai ne bisa abin da ke gabansa.

Sirrin ƙarfin da kuma tsimin man yana cikin tsarin GDI. A injin Camry, nozul yana fesa fetur a bayan bawul ɗin shigar iska da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba. A injin Theta II na Sonata, wani famfo na biyu da ke zaune a saman inji yana matsa fetur zuwa sama da bar 100, nozul kuma ya fesa shi kai tsaye cikin silinda. Wannan yana ba da damar ƙara matsin fistin, a samu ƙarfi da mai kaɗan. Amma yana ƙara nauyin da ke sauka a kan mital ɗin sandar fistin, wato siririn ƙarfen da ke shimfiɗe a bakin sandar inda take juyawa, yana kuma sa ɗan fetur ya riƙa zurarewa ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai, musamman a motar da ba ta dogon zango. Injin irin wannan ba ya yafe sakaci kamar yadda tsohon injin Toyota ke yafewa.

Yadda injin ke bugawa

A cikin kiranshaf, wato ƙarfen da sandunan fistin ke juyawa a ƙasan inji, akwai ƙananan hanyoyi da aka huda domin baƙin mai ya bi ya isa mital ɗin kowace sandar fistin. Tazarar da ke tsakanin mital da kiranshaf ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma mai ne kawai ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe a wurin. Bayan an huda hanyoyin a masana'anta, dole a share ɓurɓushin ƙarfen da ya rage. Bayanin da Hyundai ta bai wa hukuma shi ne cewa hanyar da ake bi wajen sharewa a Alabama tana barin ɓurɓushi, sai a Afrilun 2012 aka koma wanke shi da ruwa mai matsi.

Idan ɓurɓushin ya kwance, ko dai ya rage gudun man, ko ya shiga tsakanin mital da kiranshaf ya karce su. Mital ya fara cinyewa, tazara ta ƙaru, matsin mai ya ragu a wurin, cinyewar ta ƙara sauri. Daga nan direba zai fara jin wani ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke bin tashin totur. Idan aka ci gaba da tafiya, mital ɗin yana iya juyawa a mazauninsa ya toshe hanyar mai gaba ɗaya, inji ya ƙame. Mafi muni, sandar fistin ta karye ta ɓula gangar inji, mai ya watsu a kan salansa mai zafi, wuta ta tashi. Abin da ya sa hukuma ta ɗauki lamarin a matsayin na rai ke nan: mota na iya mutuwa a tsakiyar babbar hanya tana cikin gudu.

A Satumban 2015 Hyundai ta kira Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012 domin a duba su. Gwajin na sauraron ƙarar inji ne. Wadda ta faɗi a canza mata inji, wadda ta ci a sa mata sabuwar sandar gwajin mai, a cika man, a sallame ta. Kamfanin ya tsaya a kan cewa matsalar ta ƙare da gyaran da aka yi a masana'anta. Kia, wadda ke amfani da injin iri ɗaya a Optima, Sorento da Sportage, ba ta kira ko ɗaya ba a lokacin.

Wani injiniyan Hyundai da ya shekara 26 a kamfanin, Kim Gwang-ho, shi ya fasa ƙwan. A 2016 ya tashi daga Koriya ya kai wa NHTSA takardu, yana cewa matsalar ta fi yadda aka bayyana faɗi, kuma an san haka a cikin gida. A 2017 Hyundai ta ƙara kiran motoci kusan 572,000, Sonata da Santa Fe Sport na 2013 da 2014, Kia ta kira kusan 618,000, a Koriya ma aka kira kusan 171,000. A lura da shekarun: motocin 2013 da 2014 an ƙera su ne bayan an canza hanyar wanke kiranshaf, don haka labarin ɓurɓushi shi kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. A Nuwamban 2020 NHTSA ta ci kamfanonin biyu tarar dala miliyan 210, Hyundai 140, Kia 70, saboda jinkirin kiran motoci da kuma ba hukuma bayanin da ba daidai ba. Bayan shekara guda aka bai wa Kim ladan dala miliyan 24.

Kuskure a masana'anta kowane kamfani yana yi. Injin 2AZ-FE na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin, dashbod ɗinta kuma yana narkewa a rana. A 2014 Toyota ta biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 kan ɓoye matsalar motocin da ke ƙara gudu da kansu. Abin da ya fi zafi a lamarin Theta II shi ne watanni goma sha takwas da mutane suka yi suna tuƙa motocin da ya kamata a ce an kira tun farko. Ga kamfanin da ya gina sunansa a kan alkawarin cewa zai tsaya wa injinsa, wannan abin kunya ne, kuma bai kamata masu son motocin Koriya su riƙa shafa masa mai ba.

Abin da mai mota a Amurka ya samu

An fito da wata manhaja mai suna KSDS da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar mota. Tana amfani da na'urar jin bugun inji da ke jikin ganga tun asali, ta riƙa sauraron irin girgizar da mital mai cinyewa ke yi. Idan ta ji, fitilar inji ta riƙa ƙiftawa, lambar P1326 ta fito, ƙwaƙwalwar ta taƙaita juyin inji zuwa wajen 2,000 a minti, yadda direba zai iya lallaɓawa ya kai gareji. Manhajar ba ta gyara komai, gargaɗi kawai take yi kafin sanda ta karye.

Sulhun da aka yi da masu motoci a kotu ya haɗa ƙirar 2011 har zuwa 2019, ya ba da garanti na har abada a kan rabin inji na ƙasa idan mital ya lalace, da sharaɗin an ɗora KSDS, kuma har wanda ya sayi motar a hannu na biyu ya shiga ciki. Kuɗin da wannan ya ci ba kaɗan ba ne. A Oktoban 2020 kamfanonin biyu sun ware kusan won tiriliyan 3.4 na kuɗin Koriya, wajen dala biliyan 2.9, sannan a Oktoban 2022 suka ƙara won tiriliyan 2.9, domin mutane sun riƙe motocinsu fiye da yadda aka zata, injinan kuma suka ci gaba da zuwa.

Idan aka yi lissafi da idon basira, Ba'amurken da ya sayi Sonata sabuwa, yana da takardun juyen mai, bai yi asara mai yawa ba. Ya sayi mota mai ƙarfi da kayan more rayuwa a farashi mai sauƙi, inji ya buga an sa masa wani kyauta. Inda ya ji jiki shi ne zaman jiran inji a gareji, da kuma ranar sayarwa, domin Camry ta fi riƙe daraja a kasuwar gwanjo. Akwai kuma wani tsimi da ya dawo ya cije su: motoci da yawa na 2011 zuwa 2021 masu makullin murɗawa ba su da na'urar da ke hana inji tashi da baƙon makulli. A ƙirar 2015, kashi 26 cikin ɗari na motocin Hyundai da Kia ne ke da ita, alhali a sauran kamfanoni kashi 96 ne. Da hanyar satar ta bazu a TikTok, sai da aka fito da gyaran manhaja ga motoci miliyan 8.3 a 2023.

Idan motar ta ƙetaro teku

A nan lissafin ke canzawa. Garantin nan a wurin dillalan Amurka yake aiki, kuma motar da kamfanin inshora ya yanke wa hukuncin ta tashi daga aiki bayan haɗari ko ambaliya, wadda irinta ce ta fi yawa a gwanjon da ake sayo motoci, ba ta cikinsa. Mai saye a Kano, Maraɗi ko Kumasi yana karɓar injin ne ba tare da alkawarin da ya sa arahar ta zama riba ba. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga cunkoso, ga baƙin mai na jabu a kasuwa. Wannan bai haramta sayen motar ba, amma ya wajabta bincike.

A fara da lambar shasi mai harafi 17. Idan ta fara da 5NP, Hyundai ce ƙirar Alabama. KMH ƙirar Koriya ce. KNA Kia ce daga Koriya, 5XX kuma Optima ce daga jihar Jojiya ta Amurka. Harafi na goma shi ke faɗin shekara: B 2011, C 2012, D 2013, E 2014. Idan aka sa lambar a shafin intanet na NHTSA, zai nuna ko akwai kiran da ba a kai motar ba. Rahoton tarihin mota irin na Carfax yakan nuna ko an canza inji a wurin dillali, kuma a wannan motar injin da aka canza da takarda abin so ne, ba abin gudu ba. Sannan a tantance irin injin: G4KJ shi ne 2.4 GDI, G4KH shi ne 2.0 mai turbo, G4KD da G4KE kuwa masu tsohon tsarin nozul ne, waɗanda aka fi sa wa motocin da aka kawo Afirka da ƙasashen Larabawa sababbi. Waɗannan sun fi sauƙin riƙo, kuma sun fi jure fetur maras kyau, ko da yake su ma an san su da karcewar bangon silinda idan sun tsufa.

A je ganin motar da sassafe, a sa hannu a kan inji a tabbatar ba a ɗumama shi ba. Injin GDI mai lafiya yana da wani siririn tas-tas mai sauri daga sama, na nozul da famfon matsi. Wannan ba ciwo ba ne, kuma makanikin da bai saba da shi ba yakan tsorata mutane a banza. Abin tsoro shi ne ƙara mai kauri daga ƙasa, wajen kaskon mai. A bari inji ya yi zafi sosai, domin mai idan ya tsinke ne ƙarar ke fitowa, sannan a taka totur a hankali tsakanin 2,000 da 3,000 a saki, ana saurare. A zaro sandar gwaji a murza man tsakanin yatsu. Idan ya yi danƙo kamar zuma, an zuba mai kauri ko maganin ƙara kauri domin a rufe bakin ƙarar. A buɗe murfin zuba mai a haska ciki da tocila. Baƙin dasƙararren datti yana nufin an daɗe ba a yin juye a kan kari. Idan mai motar ya yarda, a kwance filta a yanka ta a buɗe takardar ciki a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe, fari ko ja-ja, ya gama magana. Na'urar gwaji ta kwamfuta za ta nuna P1326 idan tana nan, za ta kuma nuna ko an goge lambobi kwanan nan, domin gwaje-gwajen cikin ƙwaƙwalwar za su nuna ba su kammala ba.

Ƙarar ƙwas-ƙwas a sitiyari idan ana juya shi a tsaye yawanci wata ƙaramar roba ce mai kamar tauraro a cikin ƙaramin injin lantarki na sitiyarin ta cinye. Kuɗinta kaɗan ne, aikin kwancewa ne ya fi yawa, kada a yarda a ce sai an canza sitiyarin gaba ɗaya.

Wanda ya saya, to ya manta da tazarar juye ta kilomita 12,000. Littafin motar kansa ya rage ta zuwa kilomita 6,000 ga mai tuƙi cikin ƙura, zafi da cunkoso, kuma yanayinmu ke nan kullum. Injin 2.4 yana cin lita 4.6 zuwa 4.8 tare da filta, mai lamba 5W-30 na kamfanin da aka amince da shi. Zuba 20W-50 saboda ana ganin ƙasar zafi ce kuskure ne: da sanyin safiya ba ya saurin isa mital, kuma yana wahalar da bawulolin da ke sarrafa lokacin buɗewar inji. A duba sandar mai kowane mako. Da yawa daga injinan nan suna fara shan mai bayan sun tsufa, kuma fitilar mai ba ta kunnawa sai matsi ya riga ya faɗi, lokacin da ɓarna ta fara. Tun da fetur ba ya wanke bayan bawul a GDI, gawayi yana taruwa a wurin; idan mota ta fara rawa a tsaye ko tana shaƙewa da safe, sai an cire bututun shigar iska an kankare, maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin.

Idan ya riga ya buga, canza mital kawai zubar da kuɗi ne. Dole a auna kiranshaf, a goge shi ko a canza, a duba ko bakin sandar fistin ya buɗe, a wanke duk hanyoyin mai na ganga, a kwance famfon mai wanda a injin 2.4 yake haɗe da sandunan daidaita girgiza a cikin kasko, a kuma wanke bawulolin mai na sama. Ɓurɓushi kaɗan da ya rage zai cinye sabon mital cikin ɗan lokaci. Injin Beljiyam kuma daga dangin nan ɗaya ya fito, don haka shi ma a cire kaskonsa a duba mital kafin a ɗaura. Masu sauya GDI da injin tsohon tsari su sani cewa wayoyi, ƙwaƙwalwa da layin fetur duk sun bambanta, aikin ba na kowane gareji ba ne.

Hukuncin wannan injin bai hau kan duk motocin Koriya ba. Rukunin Hyundai da Kia, wanda ya zama na uku a duniya wajen sayar da motoci a 2022, bayan Toyota da Volkswagen, yana da injina iri-iri, kuma Sonata ta 2020 ta koma sabon inji mai lita 2.5 da ke haɗa nozul iri biyu, wanda ke wanke bayan bawul. Amma ga Sonata ko Optima ta 2011 zuwa 2014 da ke tsaye kusa da Camry tsararta a filin dillalai, hanyar yanke shawara ɗaya ce. Kafin a taya, a je kasuwar kayan gyara a tambayi kuɗin injin G4KJ da kuɗin ɗaura shi, a tambayi na 2AR-FE na Camry, a kuma ga wanne ne ake samu a take, wanne ne sai an aika Legas. Idan ragin da aka samu a kan motar Koriyar ya kai kuɗin inji guda da aikinsa, kuma ta tsallake gwajin safiya da na filta, cinikin ya yi, musamman ga wanda zai riƙe ta shekaru ya hau abinsa. Mai niyyar sayarwa bayan shekara ɗaya ko biyu, ko mai sa ta haya a hannun direban da ba ya zaro sandar mai, Camry ta fi masa ko da ta fi tsada.